Ƙwarya Ɗaya da Vandi

Litinin, 3 ga Maris, da hantsi

Deli ya zo tun ban gama wanke baki ba. Babban ɗan yayana Vandi ne, ya haura arba'in, amma har yau in zai yi mini magana sai ya cire hula kamar yana zaune a ajina. Ya ce jiya suka dawo da ubansa daga asibitin Mokolo. Na ce to, sauƙi ya samu ke nan. Ya dubi ƙasa. Ya ce likita ya ce a kai shi gida ya ci duk abin da ransa ke so.

Na gane. Na koyar da yara shekara talatin da huɗu, na san fuskar wanda ya kawo amsa amma ba ya son a tambaye shi.

Sai ya ƙara da cewa, "Baba ya ce in jiƙa dawa. Jar giya za a dafa, ta gida. Ya ce in ta nuna, kai da shi za ku sha ƙwarya ɗaya."

Na ce, "Ni? Ko ciwon ya hau masa kai ne?"

"Ya ce haka za ka ce, Baba ƙarami. Ya ce in faɗa maka Teri yake nufi, Sha-ruwa, ba wani ba."

Sha-ruwa. Sunan da garin nan ya laƙaba mini ke nan tun ina saurayi. Shekarata sittin da takwas a kan dutsen nan, inda jariri ma ana ɗiga masa a harshe, ban taɓa kai giya bakina ba. Mutane na cewa coci ce ta hana ni. Na bar su a haka.

Ba a ƙin roƙon mai shirin barin duniya. Kuma ƙwarya ɗaya ba wasa ba ce: kunci da kunci, baki biyu a gefe guda, a gaban dangi, ba mai ɗagowa sai ta ƙare. Wanda ya fara ɗago kai, kowa ya san da sauran abu a cikinsa.

Ni kuwa da sauran abu a cikina. Game da ranar da Babanmu ya mutu ne, shekara hamsin da uku ke nan. Ba zan rubuta shi ba. Abin da na sani, giya na buɗe baki. Na ga ta buɗe na mutanen da suka fi ni nauyi.

Talata, 4 ga Maris, da yamma

An jiƙa dawar. Kwana goma sha huɗu, in ji Deli, ko sha biyar.

Laraba, 5 ga Maris, ƙarfe uku na rana

Na je na gan shi. Sun shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumbu. Vandi da ke ɗaukar buhun dawa a wuya ya hau dutse yana fito, yau wuyan nasa bai fi hannun ludayi ba. Ba mu taɓa faɗa ba, ni da shi. In an yi rasuwa muna zama layi ɗaya, in an yi aure muna gaisawa. Sai dai tun daga shekarar da Baba ya mutu ba mu sake sa hannu a akushi ɗaya ba, kuma ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa dalili.

Na ce, "Yaya, ya jikin?"

Ya ce, "Jikin ya yi gaba, ni nake binsa a baya. Saƙona ya iso?"

"Ya iso. Kunu ba zai yi ba?"

Ya yi dariya har tari ya turnuƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce, "Kunu! Suna za a raɗa mini?" Sai ya rufe ido. Na zauna ina kallon kaji. Da zan tashi ya ce, ido a rufe, "Kada ka ba ni kunya, yaro. Ka je ka koya."

Yaro. Da furfurata.

Me ya sa yanzu? Me ya sani? Duk hanyar dawowa tambayar da nake taunawa ke nan.

Juma'a, 7 ga Maris, da la'asar

Na je gidan Kwanye ta bayan gari, kamar ɓarawon akuya. Tare muka yi kiwo da ita muna yara, ta binne maza biyu, kuma babu mai farar giya irin tata a kasuwa. Na tarar tana wanke randa. Ta ɗago ta gan ni, ta dafe ƙirji.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa tukuna."

"To wa'azi ka kawo? Ka makara, Malam, ni da wuta mun riga mun daidaita."

Na faɗa mata. Na ɗauka za ta yi shewa ta tara unguwa. Ba ta yi ba. Ta share hannu a zani, ta shiga, ta fito da ɗan ƙoƙo wanda ake ba yara magani da shi.

Na toshe hanci na kafa kai na shanye lokaci guda, yadda nake shan ruwan maɗaci in zazzaɓi ya kama ni.

Ta ce, "Kai, Sha-ruwa! Wa ya kore ka? Ita ba a haɗiye ta kamar ƙarya. Ka ci wani abu ma yau?"

Ban ci ba. Na yi tunanin in ciki babu komai za ta fi saurin wucewa. Ashe akasin haka ne, kuma duk yaron garin nan ya san wannan, ban da malaminsu.

Tsami ne da ita, da ɗan ɗumi, da wani ɗanɗano kamar tuwon da ya kwana ya fara tunanin kansa. Na ce a raina, a'a, wannan ce ake ta tsoro? Sai kunnuwana suka ɗau zafi. Sai na ji gwiwoyina sun yi mini nisa, kamar na aro su. Na kama bakina da hannu na zauna a kan turmi, ban ce uffan ba har abin ya lafa. Kwanye na ta magana, ni ina gadin harshena kamar mai gadin gona.

Ƙoƙo ɗaya ke nan. Ƙwaryar da Deli zai kawo za ta ci irinsa goma. Rabona biyar.

Asabar, 8 ga Maris, da safe

Dawa ta tsira, in ji su. Ban fita ba.

Lahadi, 9 ga Maris, bayan sujada

Ni na karanta nassi yau. Na yi ta tsallake layi, fasto yana ta kallona da tausayi, ya ɗauka ciwon Vandi ne. Masi, matata, tana layin mawaƙa. Ita ba tausayi ne a idonta ba.

A hanya ta ce, "Malam, shekaranjiya ka dawo kana tauna ganyen gwaiba kamar akuya."

"Haƙori ke damuna."

"Haƙorin nan a gidan Kwanye ake cire shi?"

Shekara arba'in da ɗaya muna tare. Na faɗa mata saƙon Vandi, na faɗa mata ƙoƙon. Sauran ban faɗa ba. Da muka kai ƙofar gida ta ce, "In za ka koma, ka ci tuwo tukuna. Kuma ka bi ta gaba. Wanda ya bi ta baya shi ake gani."

Litinin, 10 ga Maris, da yamma

Ƙoƙo biyu, a kan tuwo. Wannan karon a hankali, Kwanye na tsaye a kaina kamar mai koya wa yaro rubutu. "Kurɓa. Ajiye. Yi numfashi. Dubi sama ka zagi wani. Yawwa, sake."

Abin da zan rubuta yanzu shi ya fi ba ni tsoro. Na ji daɗi.

Kafaɗuna suka sauko. Ban san a ɗage suke ba sai da suka sauko. Duwatsun da nake gani tun haihuwa suka yi wani kyau, har na ce wa Kwanye ta duba. Ta ce ta gan su, suna nan tun jiya. Na yi dariya har da hawaye. Ban tuna rabon da in yi irin wannan dariyar ba.

Kakarmu in tana ba mu labari, dodo bai taɓa zuwa da haƙora a waje ba. Kullum da kyakkyawar riga yake zuwa, ya yi sallama, ya tambayi lafiyar yara. Ina yaro na ɗauka don labarin ya yi tsawo take yin haka.

Ashe shi ma Baba wannan yake ji a farko. Ban taɓa kawo wa raina cewa akwai farko ba. Ni ƙarshen kawai na sani, lokacin da yake shigowa gida mu watse.

Laraba, 12 ga Maris, da hantsi

Jiya huɗu na sha. Ni na ce ta ƙara, ba ita ba.

Daga na ukun zuwa lokacin da na ga kaina a bakin rijiya Masi tana zuba mini ruwa a ƙeya, babu komai. An yanke wurin kamar an yage shafi. Na yi amai sau biyu. Kaina yau kamar maƙera sun kafa uwar maƙera a ciki.

Ko karyawa ban yi ba na koma wurin Kwanye.

"Me na ce jiya?"

"Ina kwana dai, Malam."

"Kwanye, don Allah. Me na ce?"

"Ka tsayar da bunsuruna ka ce ya karanta bakwai sau takwas. Da ya kasa ka ce ya kira ubansa gobe."

"Sai me?"

"Ka ce tun muna kiwo kake tsorona. Wannan na daɗe da sani."

"Sai me kuma?"

Ta ci gaba da tankaɗe. Ta ce, "Ka yi ta cewa, ka tashi da kanka, ka tashi da kanka. Ban san da wa kake ba. Bunsurun dai a tsaye yake."

Na tambaye ta ko akwai wani a wurin. Ta ce daga ita sai kaji. Ta dube ni, irin duban da ban so ba, ta ce, "Teri, shekara arba'in ina sayar da abin nan. Da ina kwashe abin da ke zuba a tsakar gidan nan in kai waje, da garin nan ya ƙone tuntuni."

Huɗu ke nan, har ya fara fitowa. Ranar kuwa biyar ne, kuma ja, ta maza, wadda Kwanye ta ce tata ruwan wanka ce a gabanta. Kuma kunnen Vandi zai kasance a jikin bakina.

Alhamis, 13 ga Maris, da rana

An niƙa tsiron. Ina jin dutsen niƙa daga nan, ko kuwa kunnena ne.

Juma'a, 14 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Ban so in rubuta wannan ba.

Uku na sha, na dawo da ƙafata, lafiya lau. Masi ta bar tukunya a bakin ƙofa na yi tuntuɓe da ita. Abin da bai kai a yi tsaki ba. Sai na ji wata murya ta cika gidan. Daga bakina ta fito, amma na san mai ita. Har yadda yake jan ƙarshen suna. Na duba na ga hannuna a sama.

Ban sauke shi a kanta ba. Allah ne shaida ban sauke ba. Amma ya hau, kuma ba ni na aike shi ba.

Masi ba ta matsa ba. Ta dubi hannun, ta dube ni, ta ce, "In ka gama shanya shi, ka ɗauke mini tukunyar."

Innarmu ba ta iya irin wannan maganar ba. Ita hannunta na hagu take ɗagawa ta kare fuska, shi ya sa bai sake miƙewa daidai ba har ta koma ga Allah.

Na zauna a bayan rumbu. Na hura numfashi a tafin hannuna na shaƙa. Warin Baba ne. Shekara hamsin da uku ina gudun warin nan a bakin mutane, yau ga shi a nawa.

Ba zan koma gidan Kwanye ba.

Asabar, 15 ga Maris, da safe

Sun ɗora tukwane a gidan Vandi, hayaƙi na tashi. Deli ya ce uban ya daina karɓar tuwo, sai ruwa-ruwa.

Na kama kaina ina lissafi: in ya riga giyar tafiya, shi ke nan, ba wanda zai ce na ƙi. Ɗan'uwana, uwa ɗaya uba ɗaya. Na rubuta ne don in ga abin da idona, in ji kunya yadda ya kamata.

Lahadi, 16 ga Maris, da la'asar

Ban je sujada ba. Masi ta dawo ta dama kunu cikin babbar ƙwarya, ta zo ta zauna kusa da ni a kan dakali.

"Matso."

"Me za a yi?"

"Kai ka koyi sha, ba ka koyi riƙo ba. So kake ka zubar wa mara lafiya a ƙirji a gaban surukai? Kawo kuncin nan."

Muka haɗa kunci, ita hannun dama a gindin ƙwarya, ni hagu. Ashe da wuya. In na karkato ta wajena, ita ba ta samu. In ta ja, ya bi ta haɓata. Hancinmu na karo. Ta ce gemuna na soka, na ce ita ce ke tura ni. Rabin kunun a rigata ya ƙare. A karo na uku muka shanye tare ba ɗigo.

Ta goge baki ta ce, "Ka ga? Ba ja ake yi ba. Jira ake yi."

Na ce, "Masi, na Juma'a..."

Ta ce, "Na gani. Na kuma ga inda ya tsaya." Ta ɗauki ƙwaryarta. A bakin madafa ta juyo. "Ban san abin da kake ɗauke da shi ba, Malam, ban kuma tambaya ba. Amma na gaji da jin nauyinsa a gado."

Litinin, 17 ga Maris, da yamma

Giyar ta yi kumfa. Gobe da hantsi. Yana nan da ransa.

Ina tsoro. Na duba ko akwai wata kalma da ta fi wannan dacewa da dattijo, babu.

Laraba, 19 ga Maris, da hantsi

Jiya ban iya riƙe alƙalami ba. Bari in bi shi daki-daki.

An fito da shi ƙofar gida, an jingina shi da katangar dutse, an tokare da buhu. Dangi sun cika wurin, har waɗanda suka sauko daga Mogode. Deli ya zuba wa ƙasa nata, ya kira sunayen waɗanda suka riga mu. Da ya kira na Baba na dubi yatsun ƙafata. Sannan ya cika ƙwaryar, ja wur, ya miƙo da hannu biyu. Wani daga baya ya ce, "Yau Sha-ruwa zai canja suna!" Aka yi dariya.

Na durƙusa a gefensa. Kuncinsa ƙashi ne zalla, da zafi kamar dutsen rana. Muka ɗaga.

Na kurɓa, na jira shi. Na sake kurɓa, na jira. Giyar ba ta raguwa ta wajensa. Leɓensa na ciki, amma maƙogwaronsa ba ya motsi. Sai na ji muryarsa a cikin ƙwaryar, ƙasa-ƙasa, inda ba mai ji sai ni.

"Ba ta wucewa, yaro. Kwana uku ke nan ko ruwa da ƙyar. Sha mana."

Goma ke nan, ba biyar ba. In na ɗago, na ɗago a gaban kowa. In na bar ta, a ga shi ne ya kasa.

Na sha. Ban san yadda aka yi ba. Ta fi ta Kwanye kauri da ɗaci, tana sauka tana ƙuna. Na sha ina numfashi ta hanci, hawaye na zuba a ciki ina shanye su tare. Wajen rabi na ji kunnuwan, na ji gwiwoyin, na ji ƙofar nan da nake tokare da ita tana sassautowa. Na ga gindin ƙwarya. Ban sauke ta ba. Ta rufe mana fuska mu biyu, duhu-duhu, sai warin dawa.

Ba zan ce giya ce ta faɗa ba. Ina jin kaina sarai. Ta dai cire mini hannu daga bakin ƙofar, ni na fita da ƙafata.

Na ce, "Yaya, ranar nan da Inna ta aike ni neman Baba. Na ce ban gan shi ba."

Na ci gaba.

"Na gan shi. Yana kwance a buge a bakin gangaren. Ya miƙo hannu ya ce in ɗaga shi. Na ce ya tashi da kansa."

Numfashinsa na busa mini a leɓe. Na jira ya janye kuncinsa. Bai janye ba.

Ya ce, "A gindin tsamiya. Takalminsa ɗaya a hanya."

Ban taɓa faɗa wa kowa zancen takalmin ba.

Ya ce, "Ni na fara wucewa, da rana tsaka. Na tsallake ƙafarsa. Na zo gida na ce wa Inna ta aiki ƙaramin." Ya nemi numfashi, ya daɗe kafin ya samu. "Shekarata ashirin. Kai sha biyar. Ni ke da ƙarfin ɗaukarsa."

Na ce, "Duk shekarun nan na ɗauka kallon da kake mini..."

"Ni ma na ɗauka naka ne." Sai ya ce, "Kada ka sauke tukuna. Kada yaran nan su ga tsofaffi biyu da majina."

Muka zauna a haka, ƙwarya babu komai a ciki, mun kifa ta a fuska. Ina jin mutane na cewa kai, tsofaffin nan, ko tsagewa ta yi suke lasa? Wata ta rangaɗa guɗa. Hannuna ya gaji, nasa ya riga ya faɗi a cinya, ni kaɗai ke riƙe da ita. Da muka sauke, tare muka sauke. Deli ya karɓa ya kifa ta a ƙasa, ba ɗigo.

Abin da ya biyo baya Masi ce ta ba ni labari. Ta ce mutum biyu suka kawo ni gida, ina ta ba kowa haƙuri, har da jaki. Ta ce hannuwana a ƙasa suke duk hanya. Na sa ta maimaita wannan sau biyu.

Kaina na sarawa. Ban sani ba ko an yafe mana, ni da shi, kuma wanda za a tambaya ba ya nan. Zan wanke fuska in koma can.

Juma'a, 21 ga Maris, da rana

Vandi ya tafi da hantsi. Ya ce a ɗaga shi ya ga gona. Ni na ɗaga shi.